Hermann Staudinger

Hermann Staudinger (23 ga Maris, 1881 – 8 ga Satumba, 1965) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin polima, wato sinadaran da ake yin roba, leda da zaren nailan da su. Ya samu kyautar Nobel a shekarar 1953.

Rayuwar farko

An haife shi a garin Worms. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Halle a 1903, ya koyar a Zurich ta Suwizalan daga 1912, sannan ya koma Jami'ar Freiburg a 1926.

Bincike

A 1920 ya bayyana cewa ƙwayoyin roba dogaye ne, ƙananan ƙwayoyi dubbai sun sarƙu da juna kamar sarƙa. Manyan masana na zamaninsa sun ƙaryata shi, amma bincike ya tabbatar da maganarsa a shekarun 1930. A kan wannan ilimi ake ƙera na'urorin gano tururin sinadarai: idan siririn fallen polima ya tsotsi tururi sai ya kumbura, gudun lantarkin da ke ratsa shi ya canza, na'urar ta yi gargaɗi.

Siyasa da mutuwa

Ya fito fili ya soki amfani da iskar guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda ƙin yaƙi da ya nuna, gwamnatin Nazi ta bincike shi a 1934, daga baya ta hana shi fita waje. Ya mutu a Freiburg yana da shekara 84.