John McCarthy: Masanin da ya koya wa kwamfuta kwashe shararta

An haifi John McCarthy a birnin Boston na Amurka ranar 4 ga Satumban 1927. Mahaifinsa ɗan ƙasar Ayilan ne, mahaifiyarsa kuma Bayahudiya ce daga Lituweniya. Ya yi digirin farko a fannin lissafi a Caltech a 1948, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1951. Shi ya raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna a takardar da ta share fagen taron Dartmouth na 1956.

A 1958, yana koyarwa a MIT, ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja mai suna Lisp, inda ya aro dabarun lissafin lambda na Alonzo Church. Daga nan ne salon rubuta manhaja da ayyukan lissafi ya samo tushe. A wannan salo, maimakon a riƙa goge bayani ana sake rubutu a kansa, kowane aiki yakan samar da sabon bayani. Hakan yana rage kurakurai, amma yana cinye ma'ajiya, kuma ta kwamfutar IBM 704 da suke aiki da ita ba ta da yawa.

Maganin da McCarthy ya kawo, wanda ya bayyana a maƙalarsa ta 1960, shi ne kwashe shara. Idan ma'ajiya ta cika, sai kwamfuta ta dakata ta bi duk bayanan da manhaja ke iya kaiwa gare su, ta yi musu alama, sauran kuma ta mayar da gurbinsu don a sake amfani da shi. Harsuna irin su Java da Python da Haskell duk sun gaji wannan tunani.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Mai kwashe sharar ba ya taɓa abin da manhaja ke riƙe da shi, ko da ba za ta sake buƙatarsa ba. Manhajar da ke aiki na minti biyar ba za ta ji a jikinta ba, amma sabar da ke yin watanni a kunne takan tara irin wannan tarkace sannu a hankali har ta yi nauyi ta tsaya. Wannan shi ake kira yoyon ma'ajiya. A Haskell yakan zo ta hanyar lissafin da aka jinkirta ya taru. Harshen Erlang, da aka fara a kamfanin Ericsson a 1986, ya bai wa kowane ƙaramin aiki tasa ma'ajiyar, ta yadda idan ɗaya ya mutu gurbinsa zai koma hannun na'ura. Da shi aka gina sabobin WhatsApp, don haka saƙon da ɗan kasuwa ke turawa daga Chikaji ko Sabon Gari yana ratsa wannan gado.

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, McCarthy ya koma Jami'ar Stanford, inda ya kafa ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira. Ya samu lambar yabo ta Turing a 1971 da ta Kyoto a 1988. Ya rasu ranar 24 ga Oktoban 2011 yana da shekara 84.