Fitagoras: Malamin da ƙa'idar alwatika ke ɗauke da sunansa

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu duba rayuwar Fitagoras, wanda 'yan makaranta a Maraɗi suka fi sani da Pitagor, Larabawa kuma suke kiransa Fisagurus.

An haife shi a tsibirin Samos na ƙasar Girka wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana da kimanin shekara 40 ya bar gida, a zamanin mulkin kama-karya na Folikratis, ya koma birnin Kroton a kudancin Italiya. A can ya tara almajirai maza da mata, ya kafa wata ƙungiya mai tsauraran dokoki. Ba a fitar da karatunsu waje, suna da abincin da suka haramta wa kansu, har da wake, sun kuma yi imani cewa rai na komawa wani jiki bayan mutuwa. Babban abin da suka riƙe shi ne, duniya a kan lissafi take tafiya.

Da almajiransa suka yi ƙarfi a siyasar Kroton, sai wasu manyan gari suka tasar masu. Fitagoras ya yi ƙaura zuwa Metafontum, inda ya mutu wajen shekara ta 495. Bai bar littafi ko guda ba, shi ya sa labaransa suka cika da ƙari.

Ita kanta ƙa'idar da ta ɗaukaka sunansa ta girme shi. Akwai wani allon yumɓu na mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1800 kafin Annabi Isa (AS), yana ajiye a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, kuma lambobin da ke kansa na bin wannan ƙa'ida. Hujjarta da ta fi shahara kuwa Yuklid ne ya rubuta ta a Iskandariyya, shekara wajen 200 bayan Fitagoras. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, sannan Sabit bin Ƙurra, wanda ya mutu a 901, ya kawo nasa hujjojin. A ganinmu, waɗannan ma sun cancanci a riƙa ambatonsu a aji.

Ga ƙa'idar. Idan alwatika na da kusurwa mai digiri 90, a ninka tsawon kowane gajeren gefe da kansa, a haɗa su biyun. Abin da aka samu daidai yake da dogon gefen an ninka shi da kansa. Gefe mai mita 3 ya ba da 9, mai mita 4 ya ba da 16, jimla 25, ke nan dogon gefe mita 5 ne. In dogon gefen aka sani, sai a ɗebe maimakon a haɗa.

Mai karatu da ke shirin gini a Sabon Gari, ko ya sayi fili a Tibiri ko Jiratawa, wannan lissafi ya shafe shi. Magini kan kafa turke, ya auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, ya yi ta gyara har tsakanin alamomin biyu ya zama 100, kafin a fara haƙa harsashi. In aka yi sakaci a nan, ɗaki ya karkace, kwano ya ƙi zama daidai, bango ma yana iya shiga filin maƙwabci, a ƙare a gaban mai unguwa. Fili mai faɗin mita 15 da tsawon 20, in aka ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, mita 25 za a samu, haka ma ta ɗaya ɓangaren. In awo biyun suka saɓa, to turakun ba su zauna daidai ba, a sake su tun ba a ɗora bulo ba.