Jules Ferry: Uban makarantar kyauta da ya tura sojoji ƙasashen mutane

Idan ka taɓa shiga musu a Facebook kan yadda ƙasashen da ke wa'azin dimokuraɗiyya suke kai wa wasu yaƙi, to gyara zama ka ji labarin Jules Ferry. Wannan musu fa ba yau aka fara shi ba.

An haifi Ferry a 1832 a garin Saint-Dié da ke gabashin Faransa. Lauya ne kuma ɗan jarida, ya yi suna wajen caccakar mulkin Sarki Napoleon na Uku. A 1869 aka zaɓe shi ɗan majalisa, da sarautar ta rushe a 1870 kuma ya zama magajin garin Paris, daidai lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya.

A 1879 ya zama ministan ilimi, sannan ya riƙe firaminista sau biyu: 1880 zuwa 1881, da 1883 zuwa 1885. Aiki kam ya yi. A 1881 ya mayar da firamare kyauta, a 1882 ya wajabta karatu kan yara maza da mata daga shekara 6 zuwa 13. A zamaninsa aka yi dokar 'yancin jarida ta 1881, wadda har gobe Faransa ke aiki da ita, aka kuma halatta ƙungiyoyin ƙwadago a 1884. Ka ga ai ɗan dimokuraɗiyya ne na sahun gaba.

To amma riƙe shekarar nan ta 1881 a ranka. A watan Mayunta Ferry ya sa sojoji suka tilasta wa sarkin Tunisiya sa hannu kan yarjejeniyar Bardo, ƙasar ta koma hannun Faransa. A watan Yuni majalisa ta ba jami'an mulkin mallaka a Aljeriya ikon hukunta 'yan ƙasa ba tare da an je gaban alƙali ba. Wata guda bayan haka, majalisar nan dai ita ce ta ba 'yan jaridar Faransa 'yanci. Daga baya ya tura dakaru Madagaska da Tonkin, wato arewacin Biyetnam, kuma yana kan kujera aka yi taron Balin inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka.

Me ya kayar da shi? A watan Maris na 1885 sojojin Faransa suka ja da baya a Lang Son a gaban dakarun Sin. Paris ta ɗau zafi, majalisa ta kifar da gwamnatinsa ranar 30 ga watan. Lura da kyau, ɗan'uwa: shan kashi ne ya ci shi. Mamayar ba ta tsaya ba, Tonkin ta ci gaba da zama a hannun Faransa.

Ferry bai yi nadama ba. A watan Yuli ya tashi a majalisa ya kare kansa: masana'antu na neman kasuwa, jiragen ruwan yaƙi na neman mashiga, sannan a ganinsa akwai jinsin da ya fi wani, kuma mafifici ne ke da hakkin wayar da na ƙasa. Georges Clemenceau ya mayar masa da martani mai zafi, ya tuna masa cewa da irin wannan hujja malaman Jamus suka raina Faransawa bayan yaƙin 1870.

Ya mutu a watan Maris na 1893, makonni kaɗan da zamansa shugaban majalisar dattawa. Shekara shida bayan haka sojojin Faransa suka kama Damagaram, kuma hukunci ba shari'a ya bi su har ƙasar Nijar, sai a 1946 aka soke shi. Yau makarantu da tituna masu yawa a Faransa suna ɗauke da sunansa.

Shin akwai tufka da warwara a rayuwarsa? A wurina akwai. Ferry ya yarda cewa ba a mulkin mutum sai da yardarsa, amma ya tsayar da wannan ƙa'ida a bakin iyaka. Bafaranshe na iya kayar da shi da ƙuri'a, mutumin Tunisiya ko Tonkin kuwa ba shi da akwatin da zai je. Don haka in an sake tayar da musun nan a shafinka, kada ka tsaya kan ko ƙasar tana yin zaɓe. Tambayi yadda take yi da mutanen da ba su da ƙuri'a a cikinta.