Ayrton Senna: Direban da ya gyara wa Sega wasan tsere, kotu ta shekara 13 a kan sandar sitiyarinsa

A shekarar 1991 kamfanin Sega na Japan yana shirya kashi na biyu na wasan tseren motocinsa, Super Monaco GP, sai wakilinsa a Birazil, kamfanin Tec Toy, ya haɗa shi da Ayrton Senna. Galibin taurarin wasanni suna sayar da suna da hoto ne, su karɓi kuɗinsu su kama gabansu. Senna ya je ofishin Sega da kansa, ya duba wasan, ya nuna musu inda suka kauce. A wasan farko, motar da ta hau dandamalin nan mai ratsin ja da fari na gefen kwana sai gudunta ya ragu, alhali a filin tsere direbobi da gangan suke hawansa domin su rage nisa. Da aka nemi ya naɗi bayani a kan kowane fili, sai ya ƙi cewa komai a kan sabon filin Barcelona har sai da ya yi tsere a kansa. Wasan ya fito a 1992 ɗauke da sunansa, har da ƙaramin filin da ya gina a gonarsa ta Tatuí.

Yau matasa da yawa a wasan kwamfuta suka fara saninsa. Gran Turismo 6 ya saka baƙar motarsa Lotus 97T a 2014, wasan F1 2019 kuma ya sayar da bugu na musamman a kan adawarsa da Alain Prost. Abin da ke jan mutane ga irin waɗannan wasanni shi ne kusancinsu da gaskiya: ana auna kwaltar filaye da na'urar laser, sitiyarin da ke hannun mai wasa yana girgiza idan taya ta fara sulɓi, tayoyi suna cinyewa, mai yana raguwa, nauyin mota yana sauyawa. Ita kanta motar ta bambanta da duk wadda muka saba gani a titi. Kujerarta ɗaya, tayoyinta huɗu a waje suke babu rufi, kan direba kuma, a zamanin Senna, a fili yake, sai hular kwano kawai. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai dawo.

An haifi Ayrton Senna da Silva ranar 21 ga Maris, 1960, a birnin Sao Paulo. Ba ɗan talaka ba ne, kuma gara a faɗi haka tun da wuri. Mahaifinsa Milton da Silva yana da masana'anta da gonaki, shi ne kuma ya haɗa masa ƙaramar motar wasa da injin yankan ciyawa yana ɗan shekara huɗu. Ya fara shiga gasar ƙananan motocin kart yana da shekara 13, ya ci kofin Kudancin Amurka a 1977, ya zo na biyu a gasar duniya a 1979 da 1980. A 1981 ya koma Ingila, ya ci gasar Formula Ford, sannan ya tattara ya koma gida da niyyar kama kasuwancin mahaifinsa. Bai iya zama ba. Ya dawo a 1982, a 1983 ya ci gasar Formula 3 ta Birtaniya bayan doguwar fafatawa da Martin Brundle. Sunan da Silva ya yi yawa a Birazil, shi ya sa ya ɗauki na dangin mahaifiyarsa.

Duniya ta san shi ne a Monaco, 1984. Yana tuƙa motar Toleman, ƙungiyar da ba ta cikin manya, ya tashi a na 13 cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ya yi ta wuce motoci ɗaya bayan ɗaya har ya taso Prost, wanda ke kan gaba, sai aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tseren bayan zagaye 31. Prost aka ba nasara. Tun daga ranar Senna ya fara kallon masu iko da wasan da ido ɗaya.

Nasararsa ta farko ta zo ranar 21 ga Afrilu, 1985, a Estoril ta ƙasar Fotugal, nan ma cikin ruwa, da motar Lotus. A wannan rana ce Tancredo Neves ya rasu, farar hular da aka zaɓa ya karɓi mulkin Birazil bayan shekara 21 na sojoji, wanda ciwo ya kwantar kafin a rantsar da shi. Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa ƙasar daɗi ba. An yi ta sauya takardun kuɗi, shugaba Fernando Collor ya sauka a ƙarshen 1992 ana tsakar shari'ar tsige shi kan almundahana, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 2,000 cikin ɗari a 1993. A cikin wannan hali ne safiyar Lahadi ta zama ta Senna a gidajen Birazil. Al'adarsa ta ɗaga tutar ƙasar daga cikin mota ta faro ne a Detroit a 1986, kwana ɗaya bayan Faransa ta fitar da Birazil daga gasar cin kofin duniya, shi kuwa yana aiki da injiniyoyin Renault, Faransawa. Bai shiga siyasar jam'iyya ba. Sai dai talakan da albashinsa ke narkewa kafin ƙarshen wata ya sami abu ɗaya na ƙasarsa da yake aiki yadda ya kamata, ko da kuwa ɗan masu kuɗi ne ke tuƙa shi.

A 1988 ya koma McLaren, ya tarar da Prost. Motarsu MP4/4 mai injin Honda ta ci tsere 15 cikin 16, takwas na Senna, bakwai na Prost, Senna ya ɗauki kambunsa na farko. A gwajin neman gurbi na Monaco a wannan shekara ya ba Prost tazarar daƙiƙa 1.4 da mota iri ɗaya, tazarar da a wannan sana'a take kamar tsakanin gari da gari. Washegari yana kan gaba da nisa sai hankalinsa ya ɗauke, ya daki shinge a kwanar Portier. Bai koma wajen ƙungiyarsa ba, ya taka ya nufi gidansa da ke kusa ya kulle ƙofa.

Abin da ya biyo baya siyasa ce tsagwaronta. A Suzuka ta Japan, 1989, motocinsu biyu suka sarƙe a wata matsattsiyar kwana. Prost ya fita, Senna ya sa aka tura shi, ya bi hanyar kauce wa haɗari, ya gyara mota, ya ci tseren. Alƙalai suka soke nasarar bisa hujjar ya yanke kwana, kambu ya tafi ga Prost. Shugaban hukumar FISA a lokacin, Jean-Marie Balestre, Bafaranshe ne kamar Prost, kuma Senna ya fito fili ya zarge shi da murɗiya. Aka ci shi tarar dala 100,000, aka ɗora masa dakatarwar wata shida ta jeka-ka-gyara-halinka. A shekara mai zuwa, a fili ɗaya, ya ci gurbin farko, ya nemi a mayar da shi gefen titi mai tsabta, aka ƙi. Prost, wanda ya koma Ferrari, ya riga shi tashi, Senna kuwa bai ɗaga ƙafa daga totur ba a kwanar farko, ya kwashe shi suka fita tare. Kambu ya zama nasa. Bayan shekara guda ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya yi.

Masoyansa sukan wuce wannan da sauri, amma bai kamata ba. Motoci fiye da ashirin na biye da su a guje. An zalunce shi a 1989, ya rama a 1990 da hanyar da za ta iya kashe wani, hukumar da ta hukunta shi kan yanke kwana kuma ba ta ce masa uffan ba. Shi ɗin dai ne a 1992, a filin Spa na Beljiyam, ya tsayar da motarsa ya ruga a ƙafa cikin motoci masu wucewa ya kashe injin Érik Comas, wanda ya suma ƙafarsa na kan totur. Tsakanin waɗannan biyun ya ci kambu na uku a 1991, shekarar da ya fara cin tseren gida a Interlagos da motar da ta maƙale a giya ta shida, har sai da aka ciro shi saboda kafaɗunsa sun ƙage. Jimilla ya ci tsere 41, ya tashi a gurbin farko sau 65, ya ci Monaco sau shida.

Ya koma Williams a 1994, daidai lokacin da aka haramta na'urorin lantarki da suka sa motar ta gagara a shekaru biyun baya. Motar FW16 ta zama mai gardama, mazaunin direba kuma ya matse shi. Domin a gyara masa zaman sitiyari, aka yanke sandar, aka yi waldar wani bututu mai ƙaramin kauri a tsakani. Bai gama tseren farko ba, bai gama na biyu ba, Michael Schumacher ya cinye duka.

Sai Imola. Ranar Juma'a Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ya tsira. Ranar Asabar, 30 ga Afrilu, Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya mutu a gwajin neman gurbi. Likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, ya shawarci Senna ya haƙura da tseren, bai yarda ba. Da safiyar Lahadi ya tattauna da abokan sana'arsa kan farfaɗo da ƙungiyar direbobi domin matsa wa hukuma lamba a kan tsaro. An tashi tsere da haɗari a layin farawa, motar tsaro ta ja su zagaye da dama a hankali. A zagaye na bakwai, a kwanar Tamburello, motar Senna tana gudun kimanin kilomita 300 a sa'a ta ƙi juyawa, ta miƙe. Ya taka birki, ya daki katangar kankare da gudun da ya haura kilomita 200. Tayar gaba ta dama ta ɓalle ta dawo kansa, wani ƙarfen da ke riƙe da ita ya huda hular kwanonsa. An sanar da rasuwarsa da yamma a asibitin Maggiore na Bologna, ranar 1 ga Mayu, 1994, yana da shekara 34. A cikin motar aka sami tutar Ostiriya a naɗe. Tseren kuwa an ci gaba da shi har ƙarshe.

Birazil ta yi zaman makoki na kwana uku, jama'a suka cika titunan Sao Paulo, Prost yana cikin waɗanda suka raka akwatin gawar zuwa maƙabartar Morumbi. 'Yar'uwarsa Viviane ta kafa Instituto Ayrton Senna a wannan shekara domin ilimin yara, abin da ya yi mata maganarsa makonni kafin rasuwarsa.

A Italiya mutuwa irin wannan sai an bincika. An fara shari'a a 1997, mai gabatar da ƙara Maurizio Passarini ya tuhumi mutum shida da kisa ba da niyya ba, cikinsu har da Frank Williams, daraktan fasaha Patrick Head da mai zana motar Adrian Newey. Hujjarsa ita ce sandar sitiyarin ta karye a wajen waldar kafin motar ta bar titi. Williams ta ce a'a, karon ne ya karya ta, wasu kuma suka jingina abin da iskar tayoyi da ta ragu a bayan motar tsaro har cikin motar ya riƙa gugar ƙasa. Shaidu biyu mafi muhimmanci sun iso kotu da giɓi. Hoton kyamarar cikin motar ya yanke daf da karon. Akwatin bayanan Williams kuwa ƙungiyar aka fara miƙa wa, lokacin da ya isa hannun masu bincike ba a iya karanta shi. Cibiyar kwamfutoci ta Cineca da ke kusa da Bologna ce ta haɗa hotunan bidiyo da bayanan injin da suka rage domin kotu ta ga daƙiƙun ƙarshe. Mai wasan F1 na yau yana danna maɓalli ɗaya ya mayar da haɗarinsa baya, ya kalle shi ta kowace kusurwa, ya sake shiga kwanar. Alƙalan Italiya ba su sami ko daƙiƙa biyun da suka fi buƙata ba.

An wanke dukansu a Disamba 1997. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake wankewa, kotun ƙoli ta ce a sake. Sai ranar 13 ga Afrilu, 2007, ta rufe maganar: karyewar sandar sitiyari ce ta jawo haɗarin, gyaran da aka yi mata ba a tsara shi da kyau ba, ba a kuma yi shi da kyau ba, kuma alhakin rashin sa ido yana kan Patrick Head. Amma wa'adin da doka ta ba da na hukunta laifin ya riga ya wuce, don haka ba wanda aka ɗaure. Newey an riga an wanke shi tun 2005. Motar da kanta an mayar wa Williams a 2002, aka lalata ta.

Gyaran da direbobi suka daɗe suna nema ya zo da sauri bayan da tauraro ya mutu a gaban kyamara. An rage ƙarfin injuna, an ɗaga gefen mazaunin direba, an ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi daga 1999, an wajabta abin tallafe wuya a 2003, sai kuma ƙarfen kare kai na halo a 2018, bayan mutuwar Jules Bianchi a 2015 sakamakon haɗarin Suzuka. Tsakanin Senna da Bianchi babu direban da ya mutu a tseren Formula 1. Ita kuwa Tamburello an karya ta tun 1995, aka mai da ita 'yar murɗaɗɗiyar kwana ta hagu da dama da hagu, wadda dole a taka mata birki. Ita ce wadda wasannin F1 na yanzu suke kwaikwayo, santimita bayan santimita.