Angus Buchanan, mai bin sawun tsuntsaye

An haifi Angus Buchanan cikin shekara ta 1886 a Kirkwall, wani gari na tsibiran Orkney, arewa da ƙasar Sikotlan. Mutum ne mai son daji da abin da ke cikinsa. A shekara ta 1914 ya yi yawo cikin dazuzzukan Kanada, yana neman tsuntsaye. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, sai ya shiga soja, ya yi shekara 3 a gabashin Afirka, ya kai ga muƙamin kyaftin.

Bayan yaƙi, wani attajirin Ingila mai suna Walter Rothschild ya aiko shi ƙasarmu. Attajirin nan yana da babban gidan ajiyar tsuntsaye a garin Tring, amma na ƙasar Abzin ba a san su sosai ba a lokacin.

Buchanan ya fara aikinsa a Fanisau, kusa da Kano. Cikin shekara ta 1920 ya ɗaura wa raƙuma kaya, ya kama hanyar arewa. Ya sauka a Damagaram, ya ratsa Damargu, wadda take gabas da Dakoro, ya isa Agadas, sannan ya hau duwatsun Bagzan. Ya tarar da ƙauyukan Abzin da yawa sun zama kufai, saboda yaƙin Kawsan na 1916 da 1917.

Yaya yake aikinsa? Da asuba yakan fita, ya saurari kukan tsuntsaye, ya lura da inda suke kiwo. Wanda yake bukata yakan harbe shi, ya feɗe, ya cusa auduga cikin fatar. Daga nan sai ya ɗaura mata ƴar takarda mai ɗauke da ranar da wurin da ya samo ta. Haka masana suke yi a zamanin nan, don ba su da kayan ɗaukar hoto irin na yau.

A hanya ya gamu da namun daji iri-iri. A Damargu ya ga bareyi da zabbin daji, ya kuma sha wuya ƙwarai wajen bin sawun jimina, domin tana hangen mutum daga nesa, ga ta da gudu. A Abzin ya hau duwatsu yana neman ragon dutse. Da ya koma gida, masani Ernst Hartert ya duba tsuntsayen, ya sami waɗansu da ba a taɓa rubuta su ba. Har ya raɗa wa waɗansunsu sunan Buchanan.

A shekara ta 1922 ya sake dawowa Kano, tare da wani mai ɗaukar hoton siliman. Wannan karo ya bi ayarin gishiri har Fashi da Bilma, sannan ya ƙetare Sahara duka. Ya isa Tugurt, cikin Aljeriya, a 1923, bayan tafiyar da ta fi kilomita 5.000. Yawancin raƙumansa sun mutu a hanya. Ya rubuta littattafai biyu a kan waɗannan tafiye-tafiye. Ya rasu cikin shekara ta 1954.

To, mene ne amfanin labarinsa gare mu? Da yake ya rubuta abin da ya gani, mun san yadda dajinmu yake shekara 100 da suka wuce. Yau babu jimina mai yawo cikin dajin Damargu. Mariri ma ya ɓace daga ƙasarmu. Farauta da mota da bindiga, da fari irin na 1973 da na 1984, da faɗaɗar gonaki, su ne suka jawo haka.

Amma akwai sauran abin tsaro. Arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe a 1955, mai faɗin hekta 76.000. Can ana ganin barewa da tuji da ungulu. A 2018 an kawo raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, aka sake su a ciki.

Ku ma kuna iya yin aikin Buchanan, ba tare da kashe ko tsuntsu ɗaya ba. Ku ajiye danko, ku ɗauki littafi da fensir. Ku rubuta ranar da shamuwa ta iso garinku, da itacen da ta yi sheƙa a kansa. Wata rana jikokinku za su karanta.

Tambayoyi

1. Wa ya aiko Buchanan ƙasarmu, kuma don me?
2. Waɗanne wurare ya bi daga Kano zuwa Bagzan?
3. Me ya sa jimina ta ɓace daga daji?
4. Ku tambayi tsofaffin garinku sunayen namun dajin da suka sani da, waɗanda ba a gani yanzu.