Jack Tramiel: Mai gyaran tafireta da ya karya farashin kwamfuta

A farkon shekarun 1980, mallakar kwamfuta a gida abu ne na masu hannu da shuni, ko da a Amurka. Wadda kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana farawa ne daga dala 1,565, ba tare da allo ba, Apple II kuma ta haura dala dubu. A watan Agustan 1982 sai kamfanin Commodore ya shigo kasuwa da kwamfutarsa mai suna C64 a kan dala 595, kafin ƙarshen 1983 kuma farashinta ya sauko zuwa wajen dala 200. Mutumin da ya yi wannan aika-aika, kamar yadda abokan hamayyarsa suka ɗauke ta, bai taɓa karatun injiniya ba. Sunansa Jack Tramiel.

An haife shi a watan Disamban 1928 a birnin Lodz na ƙasar Polan, iyayensa Yahudawa ne. Yana ɗan shekara goma sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, aka killace iyalinsa a unguwar da 'yan Nazi suka ware wa Yahudawan birnin. A 1944 aka kai su sansanin gwale-gwale na Auschwitz, daga can aka tura shi da mahaifinsa aikin bauta a sansanin Ahlem, kusa da birnin Hanover. Mahaifin bai fita da rai ba. Sojojin Amurka ne suka kuɓutar da yaron a watan Afrilun 1945.

A 1947 ya auri Helen, wadda ita ma ta tsira daga irin wannan ukuba, ya kuma yi ƙaura zuwa Amurka. Ya shiga aikin soja, inda ya koyi gyaran tafireta da sauran injinan ofis. Da ya ajiye kaki sai ya buɗe shagon gyara a unguwar Bronx ta birnin New York, yana haɗawa da tuƙin tasi. A tsakiyar shekarun 1950 ya koma Toronto a Kanada, inda kamfaninsa na Commodore ya riƙa harhaɗa tafiretocin da ake shigo da sassansu daga Cekoslobakiya.

Darasin da Texas Instruments ya koya masa

Sau biyu kasuwa ta kusa binne shi. Na farko shi ne a 1965, lokacin da kamfanin da ke ba shi rance, Atlantic Acceptance, ya durƙushe cikin badaƙala, sai da wani attajirin Kanada mai suna Irving Gould ya zuba kuɗi ya ceci Commodore. Na biyun ya fi ciwo. Kamfanin ya koma ƙera na'urar lissafi ta aljihu, yana sayen ƙwaƙwalwarta daga Texas Instruments. A tsakiyar shekarun 1970 sai Texas Instruments ya fara sayar da tasa na'urar a farashin da masu sayen kaya a hannunsa ba za su iya tunkara ba. Wanda ke sayar maka da gari ya buɗe gidan burodi a ƙofar shagonka, ina riba?

Tramiel ya ƙudurta cewa ba zai sake dogara da wani a kan abin da shi ne ran kayansa ba. A 1976 ya sayi kamfanin MOS Technology, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin 6502, wadda ta fito a kan dala 25 a lokacin da kishiyoyinta suka haura dala ɗari. Irinta ce a cikin Apple II. Tare da kamfanin ya gaji injiniya Chuck Peddle, wanda ya gamsar da shi cewa zamanin na'urar lissafi ya wuce. Sakamakon haka shi ne kwamfutar PET ta 1977.

Daga nan duk abin da ya yi a kan tsari guda yake: ka ƙera sassanka da kanka, ka matse kowane kwabo, ka sayar da yawa. VIC-20, wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1981 a kan ƙasa da dala 300, ita ce kwamfutar farko da aka sayar da miliyan guda. Ya kai ta manyan kantuna irin su Kmart, ta zauna kusa da kayan wasan yara, abin da ya fusata dillalan kwamfuta da suka ga an janye musu ciniki.

Tallansa ma ba ya kwana-kwana. Ya ɗauko William Shatner, tauraron fim ɗin Star Trek, yana tambayar iyaye dalilin da zai sa su ɓata kuɗi a kan na'urar wasa kawai alhali ga kwamfuta a kusan farashi ɗaya. Tallan C64 kuwa sukan jera ta da na Apple da IBM, a rubuta girman ma'adanar kowace da kuɗinta, a bar wa mai karatu lissafi. A 1983 kamfanin ya yi tayin mayar da dala 100 ga duk wanda ya sayi C64 ya kuma aiko da tsohuwar kwamfuta ko na'urar wasa. Masu wayo suka riƙa sayen wata 'yar kwamfuta mai arha, Timex Sinclair, don kawai su aika da ita su karɓi kuɗin. A watan Oktoban wannan shekara Texas Instruments ya fice daga kasuwar kwamfutar gida bayan asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. An rama wa kura aniyarta.

Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Tramiel ya ɗauki kasuwanci tamkar fagen daga, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya yi suna wajen korar manyan ma'aikata nan take, da jan ƙafa wajen biyan masu kawo masa kaya. Wannan hali ya tara masa nasara, ya kuma tara masa mutanen da suka yi rantsuwar ba za su sake hulɗa da shi ba.

Macintosh ta talaka

A watan Janairun 1984, a daidai lokacin da cinikin Commodore ya kai dala biliyan guda a shekara, ya saɓa da Gould ya bar kamfanin da ya kafa. A watan ne Apple ya gabatar da Macintosh da wani shahararren tallan talabijin da bai nuna kwamfutar ba, bai kuma ambaci farashinta ba. Dala 2,495 ce. Apple na sayar da buri da ƙasaita, Tramiel kuwa lamba yake sayarwa.

A watan Yuli ya sayi sashen kayan gida na kamfanin Atari daga hannun Warner, kuma cikin wata shida injiniyoyinsa suka nuna Atari ST. Tana da ƙwaƙwalwa irin ta Macintosh, wato Motorola 68000, tana da linzami da hotunan da ake latsawa a allo, farashinta kuma wajen dala 800 har da allon. 'Yan jarida suka laƙaba mata Jackintosh. A 1986 samfurin 1040ST ya zo da ma'adana mai megabait guda a ƙasa da dala dubu. Ta karɓu a Turai, musamman Jamus, kuma masu haɗa kiɗa sun rungume ta saboda tana da kafar da ake jona ta da kayan kiɗa na lantarki kai tsaye.

Amma kwamfuta ba ta da amfani sai da manhaja, kuma manhajojin ofis da na ɗab'i mafiya kyau an rubuta su ne domin IBM da Macintosh. A nan ne dabarar kwaikwayo ta shigo. Wani mai rubuta manhaja, Dave Small, ya ƙera ɗan akwati mai suna Magic Sac, daga baya kuma Spectre, wanda ake cusawa a gefen ST. Mai saye ne zai nemo ƙwayoyin Apple na asali masu ɗauke da ainihin umarnin Macintosh ya saka a ciki. Da yake ƙwaƙwalwar iri ɗaya ce, yarensu ɗaya, aikin kawai shi ne a sa manhajar ta zaci a gidanta take. Sai ga ST tana gudanar da manhajojin Macintosh da sauri daidai da na asali, a kan allon da ya fi nata faɗi, a kuɗin da bai kai nata ba.

Kwaikwayon IBM bai zo da sauƙi haka ba. Ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, yarenta daban, don haka manhaja irin pc-ditto sai ta fassara kowane umarni ɗaya bayan ɗaya, kamar hirar da ake yi ta bakin tafinta. Tana aiki, amma da tafiyar hawainiya. Kuma abin lura shi ne, duk wanda ya sayi irin waɗannan kayan yana shaida ne cewa abin da yake buƙata na wani gida ne.

Ƙarshen lamarin ya zo ta inda Tramiel ya fi sani. Kamfanoni barkatai a Amurka da Taiwan suka riƙa ƙera kwamfutoci masu jituwa da IBM, suna gasar karya farashi a tsakaninsu, har ratar da ya dogara da ita ta rufe. Atari ya daina ƙera kwamfuta a 1993, Commodore ya durƙushe a 1994. Tramiel ya riga ya miƙa ragamar Atari ga ɗansa Sam, amma ya dawo bayan ɗan ya yi fama da bugun zuciya a 1995, shekara guda bayan haka ya haɗe kamfanin da wani mai suna JTS, ya yi ritaya.

Kwamfutocinsa sun ci gaba da rayuwa ta hanyar kwaikwayon. Manhajoji na kyauta irin su VICE da Hatari suna tayar da C64 da ST a cikin kwamfutocin yau, har da wayoyin hannu. C64 ɗin da aka sayar da fiye da miliyan 12, ma'adanarta kilobait 64 ce, ba za ta iya ɗaukar hoto guda na kyamarar wayar zamani ba.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Yana cikin waɗanda suka tallafa wajen kafa gidan tarihin wannan kisa a birnin Washington, wanda aka buɗe a 1993, ya kuma riƙa zuwa makarantu yana ba ɗalibai labarin abin da ya gani. Ya rasu ranar 8 ga Afrilun 2012 a jihar Kalifoniya yana da shekara 83, ya bar matarsa Helen da 'ya'ya maza uku.