Igor Sikorsky: Yadda Sauro Ɗaya Ya Sa Aka Ƙara Wa Jirgin Sama Inji

Matasanmu masu haɗa ƙananan jiragen sama na rimot, ko a Kazaure kuke ko Ɓaɓura, yau ga tarihin wani da ya fara kamar ku. An haifi Igor Sikorsky a birnin Kiev ranar 25 ga Mayu, 1889. Mahaifinsa farfesa ne a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Yana da shekara 12 ya haɗa ɗan jirgin wasa mai saukar ungulu, wanda roba ke juya farfelarsa.

A 1909 da 1910 ya ƙera babba har sau biyu, amma babu wanda ya iya ɗaga mutum. Sai ya koma kan jirgi mai fukafukai. A 1911 yana tuƙa jirginsa S-5, injin ya mutu a sama, dole ya yi saukar gaggawa. Da aka bincika, ashe sauro ne ya toshe kafireta. Nan ya gane cewa ran matuƙi bai kamata ya rataya a kan inji ɗaya ba.

To amma masana da dama na lokacin suna ganin ƙara inji ƙara haɗari ne. Kuma suna da hujja. Duk manomin Roni ko Gwiwa da ya taɓa riƙe garmar shanu ya san abin: in sa na hagu ya tsaya, na dama ya ci gaba da ja, garma hagu za ta karkata. Haka jirgi yake. In injin hagu ya mutu, na dama zai juya hancin jirgin zuwa hagu, fiffiken hagu ya yi ƙasa, in ba a yi maza ba ya kife.

Sikorsky ya dogara da linzamin wutsiya, wato allon nan da ke tsaye a bayan jirgi yana kaɗawa dama da hagu. A 1913, a kamfanin Russo-Balt da ke St. Petersburg, ya ƙera ƙaton jirgi mai dogon jiki. Ya fara gwada shi da inji biyu, sannan ya mai da su huɗu, kowanne mai ƙarfin doki 100. Shi ne jirgi mai inji huɗu na farko da ya tashi a duniya. A watan Agusta na shekarar ya ɗauki mutum takwas, ya yi awa 1 da minti 54 a sama. A 1914 kuma, da wani sabon jirginsa, Ilya Muromets, ya tashi daga St. Petersburg zuwa Kiev. A hanya inji ɗaya ya kama da wuta, aka fita kan fiffike aka kashe ta, jirgin kuma ya sauka lafiya.

Dabarar har gobe ita ce dai, ko babban jirgi ne ko na rimot. In inji ɗaya ya mutu, ka tura linzamin wutsiya zuwa ɓangaren injin da ke aiki, ka ɗan jingina jirgin can kaɗan. Kada ka bari gudu ya ragu, domin linzamin da iska yake aiki. In iskar da ke bi ta kansa ta yi rauni, injin mai rai zai fi ƙarfinsa. Mai rimot yana ƙasa, ba ya jin karkatar a jikinsa, shi ya sa in ya firgita yakan ƙure wuta. Ai wannan shi ke kifar da jirgi. Gara ka rage wuta, ka sunkuyar da hanci, ka nemi fili ka sauka.

Bayan juyin juya halin Rasha, Sikorsky ya isa Amurka a 1919 ba shi da wani abin kirki, har sai da ya koyar da lissafi don ya ci abinci. A 1923 ya kafa kamfani a wata gonar kaji da ke Long Island, jirginsa na farko a can, S-29A, shi ma inji biyu gare shi. Ranar 14 ga Satumba, 1939, yana da shekara 50, ya ɗaga VS-300 mai saukar ungulu, abin da ya gagare shi shekara 30 baya. Ya rasu ranar 26 ga Oktoba, 1972, a jihar Connecticut.